Rumbunan bincike da mujallun ilimi: abin da ɗakin karatun jami'a yake saya da kuɗin shekara

Idan ɗakin karatun jami'a ya liƙa takarda a allon sanarwa cewa an samu sabbin rumbunan bincike na intanet kuma an biya kuɗin shiga wasu mujallun ilimi, yawancin ɗalibai sukan karanta su wuce, domin idan suka leƙa ciki ba su ga kwali ko ɗaya da aka sauke daga mota ba, kantocin littattafai kuma suna nan yadda suka bar su jiya. Abin da aka saya ba ya ɗaukuwa a hannu, shi ya sa yake da wuyar bayani, kuma shi ya sa ake iya kashe masa kuɗi mai yawa shekara ta zagayo ba a ci moriyarsa ba. A gari irin Maradi, inda Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta tsaya da ƙafafunta tun 2010 tana koyar da aikin gona, kiwon lafiya da kimiyya, kuma ga cibiyar binciken noma ta INRAN a Tarna, wannan magana ta shafi mutane da yawa fiye da yadda ake zato.

Wata ɗaliba da ke rubuta memuwar ɗinta, wato kundin kammala karatunta na masta, a kan ƙuduji, ciyawar nan da ke shanye ƙarfin hatsi tun daga saiwa, ta taɓa zuwa wurina riƙe da wayarta, fuskarta duk damuwa. Ta ce, "Malam, na samu maƙalar da nake nema, amma shafi ɗaya kawai take buɗewa." Na karɓi wayar na duba. Ga sunan maƙalar, ga sunayen marubuta, ga taƙaitaccen bayani na layi goma sha, a ƙasa kuma ga wani ɗan akwati mai launi yana neman dalar Amurka talatin da wani abu kafin a ga sauran shafukan, wato kusan jika ashirin na Sefa a kan maƙala guda, kuma ita tana bukatar aƙalla arba'in irinta. Na tambaye ta ko ta je wurin mai kula da ɗakin karatun makarantarsu, ta ce ita a saninta can littattafai kawai ake aro. Da ta je washegari, dattijon ya zaunar da ita gaban kwamfuta, ya ce, "Ƴata, ai wannan ƙofar a buɗe take," ya shigar da ita ta hanyar da makarantar ke da rajista, maƙalar ta sauko ba a biya ko dala ba. Wata biyu ta yi tana kwafar taƙaitattun bayanai tana gina aikinta a kansu, alhali cikakkun maƙalun suna jiranta.

Kafin a je ga kuɗi, ya kamata a raba abubuwa biyu da ake yawan cakuɗawa a ƙarƙashin suna ɗaya. Akwai rumbun da aikinsa nuni ne kawai, kamar Scopus na kamfanin Elsevier wanda aka buɗe a 2004, ko Web of Science na kamfanin Clarivate, ko PubMed na Amurka da ya keɓanta da likitanci kuma kyauta ne ga kowa. Waɗannan kamar dillali suke a kasuwa: su gaya maka wane ne ya rubuta me, a wace mujalla, a wace shekara, su waye suka kafa hujja da shi daga baya, amma kayan ba a hannunsu suke ba. Akwai kuma rumbun da ke ɗauke da maƙalun kansu, irin su ScienceDirect, SpringerLink, JSTOR da Cairn. Jami'ar da ta biya kuɗin dillali kaɗai ta bar ɗalibanta suna ganin sunan kaya ba su iya taɓawa, wadda kuma ta biya na kaya ba tare da hanyar nema ba ta zuba su cikin rumbu marar fitila. A ganina, ga jami'ar da kuɗinta ba su da yawa, cikakken rubutu shi ya fi cancanta da a fara saya, tunda Google Scholar da PubMed suna yin wani kaso mai kyau na aikin dillancin ba tare da an biya su ba.

Me ya sa abin yake da tsada haka? Mujallun ilimi sun samo asali a 1665, shekarar da aka fara buga Journal des sçavans a birnin Faris da Philosophical Transactions a Landan, kuma ƙarnoni da dama ƙungiyoyin masana ne suke tafiyar da su. Bayan yaƙin duniya na biyu kamfanonin kasuwanci suka shigo da ƙarfi, suka gane cewa wannan sana'a tana da wani sirri da babu irinsa: mai bincike yana ba da maƙalarsa kyauta, ƙwararrun da ke tantance ta kafin a buga su ma galibi ba a biyansu, gwamnatoci ne suke ɗaukar nauyin binciken da albashin masu yinsa, sannan jami'o'in da suka samar da aikin su dawo su biya kuɗi domin su karanta shi. Wani nazari da masana na Jami'ar Montreyal ta Kanada suka fitar a 2015 ya nuna cewa kamfanoni biyar, ciki har da Elsevier, Springer, Wiley da Taylor & Francis, su ne suka buga fiye da rabin maƙalun da aka ƙididdige na shekarar 2013. Ribar Elsevier kuwa ta daɗe tana haura kashi 30 cikin ɗari na kuɗin da yake samu, abin da ɗan kasuwar da ke jigilar kaya tsakanin Maradi da Katsina ba ya ko mafarkinsa.

Abin da ya ba su wannan ƙarfi shi ne maƙala ba ta da madadi. Idan shinkafar wani shago ta yi tsada sai ka je na gaba, amma idan gwajin da kake son kafa hujja da shi ya fito a mujalla kaza, babu wata mujallar da za ta sayar maka da shi. Daga tsakiyar shekarun 1990, da mujallu suka koma intanet, kamfanonin suka fito da sayar da su a dunƙule: maimakon ɗakin karatu ya zaɓi mujallu hamsin da yake bukata, sai a ba shi dubu biyu a ƙunshi ɗaya, da farashin da ke ƙaruwa kowace shekara. A ido kamar garaɓasa ce, domin kuɗin kowace mujalla ya sauko ƙwarai, sai dai mafi yawansu babu mai buɗe su, kuma ranar da aka so fita daga ƙunshin sai a tarar cewa sayen hamsin ɗin nan ɗaiɗai ya kusa kai kuɗin dubu biyun. Har Jami'ar Habad ta Amurka, duk da dukiyarta, ta sanar da malamanta a 2012 cewa wannan tsada ba za ta ɗore ba, Jami'ar Kalifoniya kuma ta yanke ciniki da Elsevier a 2019, ba su daidaita ba sai a 2021.

Ga kuma maganar da na fi so a riƙe: kuɗin shiga na shekara, wanda ɗalibanmu ke kira abonma, haya ce. Littafin da aka saya a takarda yana nan a kanta ko da jami'a ta shekara goma ba ta sayi wani ba, amma rumbun intanet kamar gonar haya yake, ka noma damina ɗaya, idan ba ka sabunta ba mai gona ya karɓi abinsa. Malami zai tsara darasinsa a kan wasu maƙalu, ɗalibin dokta ya kai tsakiyar aikinsa na shekara uku, sai kasafin kuɗi ya yi jinkiri, ƙofar ta rufe ranar ɗaya ga Janairu. Saboda haka duk wanda zai sa hannu a kan irin wannan yarjejeniya dole ya karanta ƙananan sharuɗɗanta da idon basira. Shin idan an daina biya, shekarun da aka riga aka biya za su ci gaba da buɗuwa, ko su ma sun tafi? Shin sabbin fitowa suna ciki, ko akwai wa'adin jira? JSTOR, alal misali, ya shahara da tsofaffin fitowa, kuma a mujallu da yawa yakan bar tazarar shekara uku zuwa biyar tsakanin abin da ke cikinsa da sabon bugu, abin da bai dami mai nazarin tarihi ba amma yana iya cutar da mai binciken magani. Mutum nawa ne za su iya shiga a lokaci guda? Sannan, mafi muhimmanci a wurinmu, shin ana iya shiga daga gida? Kamfanoni da yawa suna gane mai karatu ne ta lambar intanet ta harabar jami'a, wanda ke nufin ɗalibin da ke zaune a unguwar Zariya ko Bagalam a nan Maradi, yana aiki da dare da wayarsa, a wurinsu baƙo ne, sai in jami'ar ta kafa masa hanyar shiga da sunansa da kalmar sirrinsa.

Duk da wannan tsada, Nijar tana da wata dama da ba kowace ƙasa ke da ita ba, kuma abin yana damuna yadda ba a cika saninta ba. A 2002 Hukumar Lafiya ta Duniya ta haɗa kai da manyan kamfanonin buga mujallu shida suka buɗe shirin Hinari domin cibiyoyin lafiya na ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. A 2003 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta biyo baya da AGORA na fannin noma, a 2006 aka samu OARE na muhalli, a 2009 ARDI na fasaha da ƙirƙira, a 2018 kuma GOALI na shari'a. Gaba ɗayansu yanzu suna ƙarƙashin inuwa ɗaya mai suna Research4Life. An kasa ƙasashe gida biyu: rukunin farko suna shiga kyauta, na biyu kowace cibiya tana biyan dalar Amurka 1,500 a shekara. Nijar tana rukunin farko. Jami'a, asibitin koyarwa, cibiyar bincike ko makarantar horar da ma'aikatan lafiya, abin da ake nema a gare su shi ne su yi rajista a matsayin cibiya. Idan aka duba fannonin da ake koyarwa a Maradi, noma, muhalli da lafiya, za a ga kamar don mu aka yanka wannan riga. Akwai dai gargaɗi guda: kyauta ce ta mai kaya, kowane kamfani yana da ikon zaɓen abin da zai saka da ƙasar da zai buɗe wa, don haka mujallar da ta buɗu bana ba lalle ba ne ta buɗu baɗi.

JSTOR ma a 2006 ya fito da shirin yafe kuɗin shiga ga cibiyoyin ilimi na Afirka. A ɓangaren Faransanci, Persée da HAL kyauta suke, OpenEdition yana da ɗimbin mujallu a buɗe, Cairn kuma, wanda wasu mawallafa na Faransa da Beljiyam suka kafa a 2005, yana sakin tsofaffin fitowa na mujallu da yawa amma sabbin sai da kuɗi.

To, idan ƙofofi suna da yawa haka, me ya sa ɗalibi har yanzu yake gina memuwar ɗinsa a kan fotokopin wata memuwar da aka rubuta shekara goma da suka wuce? Dalili na farko wuta ce da intanet. Shekaru da dama mafi yawan lantarkin da wannan yanki ke sha daga Nijeriya ya riƙa zuwa, kuma kowa ya ga abin da ya faru daga Agustan 2023 lokacin da aka katse shi na tsawon watanni. Ko a lokacin zaman lafiya, watannin bazara na Afrilu da Mayu, daidai lokacin da ɗalibai ke ƙoƙarin kammala rubutu, su ne watannin da wuta ta fi ɗaukewa. Jami'ar da ta biya miliyoyin Sefa na abonma ba ta tanadi faifan hasken rana da batir ga ɗakin kwamfutocinta ba, ta sayi doki ne ta bar shi babu linzami. Dalili na biyu harshe ne. Mafi rinjayen maƙalun kimiyya da Ingilishi ake buga su, ɗalibinmu kuwa da Faransanci ya yi karatunsa tun daga firamare. Idan ya rubuta sunan hatsi da Faransanci a akwatin nema zai samu kaɗan, ya ɗauka iyakar abin da aka rubuta ke nan, alhali da ya sa sunan kimiyya, Pennisetum glaucum, ya haɗa da Striga hermonthica, da ya ga abin da zai ishe shi karatu na watanni. Wannan dabara ba ta fi a koyar da ita cikin awa ɗaya ba, amma sai an samu mai koyarwa. A nan nakan tuna cewa ƴan'uwanmu na jami'o'in Katsina da Kano, waɗanda Hausa ɗaya muke yi da su, suna da Ingilishin da muke nema, mu kuma muna da Faransancin da ke buɗe musu rubuce-rubucen da aka yi a kan Sahel, kuma tazarar da ke tsakaninmu tafiyar yini guda ba ta kai ba.

Dalili na uku shi ne yadda muke kallon mai kula da ɗakin karatu. Da yawa suna ɗaukarsa mai gadin littattafai, mai buga hatimi da karɓar katin aro. A zamanin rumbunan intanet shi ne mutumin da ya kamata ya shiga aji a farkon kowace shekara ya nuna wa sabbin ɗalibai yadda ake nema, yadda ake tace sakamako, yadda ake adana madogara da manhajar kyauta irin Zotero. Shi ne kuma yake iya karɓo alƙaluman amfani daga kamfani, waɗanda ke nuna maƙala nawa aka sauke daga kowane rumbu a cikin shekara. Lissafin mai sauƙi ne: a raba kuɗin da aka biya da yawan maƙalun da aka sauke. Idan ya fito cewa kowace maƙala ta ci fiye da abin da za a saye ta ɗaiɗai, to ko dai ba a sanar da mutane ba, ko kuma an sayi abin da ba a bukata. Ina ganin bai dace a sabunta kowace yarjejeniya ba sai an ɗora wannan lissafi a kan tebur a gaban malamai na kowane sashe. Inda aka bar ɗalibai babu jagora, sukan gangara zuwa Sci-Hub, shafin da wata ƴar Kazakistan ta buɗe a 2011 yana raba maƙalu ba da izinin masu su ba, wanda wata kotun Amurka ta yanke wa hukuncin biyan Elsevier dala miliyan 15 a 2017. Na fahimci abin da ke kai yaro can, amma jami'a ba za ta iya jingina karatunta da hanyar da doka ba ta amince da ita ba, musamman alhali da yawa daga maƙalun suna samuwa ta halal.

Game da ciniki kuwa, ƴan kasuwar Maradi sun riga malamai sanin maganin: masu ƙaramin jari sukan haɗa kuɗi su ɗauki mota guda. Jami'o'in Faransa sun yi haka tun 1999 da ƙungiyar Couperin, ɗakunan karatu na Kenya ma suna da tasu. Nijar tana da Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, da na Maradi, Damagaram da Tawa, da kuma na Agadas, Difa, Doso da Tilaberi da aka kafa a 2014. Idan takwas ɗin nan suka je gaban kamfani da murya ɗaya, farashin da za a yanka musu da sharuɗɗan da za su iya nema ba za su zama ɗaya da na wanda ya je shi kaɗai ba.

Akwai ɗaya fuskar lamarin da sanarwar sabbin rumbuna ba ta cika taɓawa ba, wato mu ma marubuta ne. Malamin jami'a a Nijar yana samun ƙarin girma ne ta hanyar CAMES, majalisar ilimi mai zurfi ta ƙasashen Afirka da Madagaska, wadda aka kafa a Yamai a 1968 kuma hedikwatarta ke Wagadugu, kuma maƙalun da ya buga suna cikin manyan abubuwan da ake aunawa. Tun bayan sanarwar Budafes ta 2002, kiran a buɗe ilimi ga kowa ya yi ƙarfi, sai dai kamfanoni da yawa sun juya kuɗin ne daga kan mai karatu zuwa kan marubuci. Mujallar Nature ta sa Yuro 9,500 a 2021 ga wanda ke son maƙalarsa ta fito a buɗe, wato sama da Sefa miliyan shida. Mawallafa da dama suna yafe irin wannan kuɗi ga marubuta daga ƙasashe irin tamu, amma sai wanda ya sani ya nema. A gefe guda kuma ga mujallun bogi da ke cika akwatin saƙon malamai da gayyata, su karɓi kuɗi su buga komai cikin mako guda babu tantancewa. Duba sunan mujalla a DOAJ, kundin mujallun buɗaɗɗu da aka fara a Jami'ar Lund ta Suwidin a 2003, ko a AJOL, wanda tun 1998 yake tattara mujallun Afirka, yana rage wannan haɗari sosai, kuma wannan ma aikin ɗakin karatu ne.

Ƙasar Maradi ba baƙuwa ba ce a cikin waɗannan rumbuna. A nan ne aka fara sassaben zamani a farkon shekarun 1980, lokacin da Tony Rinaudo da manoma suka koma renon tohon kututture maimakon sare shi, aikin da masana suka ƙiyasta ya farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a yankunan Maradi da Damagaram. Masu binciken INRAN na nan sun yi aiki tare da Jami'ar Purdue ta Amurka a kan buhun PICS mai ninki uku, wanda ke adana wake ba tare da magani ba. Emmanuel Grégoire ya rubuta littafi guda a kan Alhazan Maradi a 1986. An yi rubutu mai yawa a kan jar akuyarmu, a kan gawo, a kan tamowar yara. Wani ɓangare na wannan ilimi yana buɗe, musamman abin da cibiyar bincike ta IRD ta Faransa ta saka a rumbunta na Horizon, wani kuma yana bayan katangar kuɗi, ta yadda ɗan manomin da aka auna gonar mahaifinsa sai ya nemi izini kafin ya karanta sakamakon.

Abin da ke hannunmu kai tsaye shi ne rubutun da ɗalibanmu ke yi kowace shekara. Ɗaruruwan memuwar na lisans da masta, waɗanda aka sha rana a ƙauyukan Madarunfa, Gidan Runji, Agye da Dakoro kafin a tattara bayanansu, sukan ƙare a kwafi biyu ko uku cikin kabad, ƙura ta rufe su, wani lokaci gara ta riga mai karatu isa gare su. Kafa rumbun jami'a na intanet da manhajar kyauta irin DSpace ba ya bukatar kuɗin shiga na shekara, yana bukatar na'urar ajiya ɗaya mai wuta tsayayya, ma'aikaci da aka horar, da doka daga hukumar jami'a cewa ba za a ba ɗalibi takardar shaidarsa ba sai ya miƙa kwafin aikinsa na kwamfuta bayan ya yi gyaran da alƙalan jarrabawa suka nema. Ɗalibar nan mai binciken ƙuduji ta kare aikinta, ta samu sakamako mai kyau, kuma a cikinsa akwai alƙaluman gonaki na ƙauyuka uku da ban taɓa ganin irinsu a wata mujalla ba. Kwafi ɗaya yana ofishin sashensu, ɗaya yana gidansu, na ukun kuma yana cikin wayarta.